Adana kwafin fayilolin ofis: wace hanya ya kamata a zaɓa?

Mai ƙaramin ofis a Wuse ko Garki, a Abuja, da ke son fayilolinsa su tsira idan kwamfuta ta lalace yana da hanyoyi uku a gabansa. Kwafa da hannu zuwa filas ba ta daɗewa, domin ranar da aiki ya yi yawa ita ce ranar da ake mantawa. Google Drive kuwa yana ba da gigabait 15 kyauta, amma yana cin data, kuma idan an haɗa shi da kwamfuta, abin da aka goge a nan yakan koma kwandon shara a can, a share shi bayan kwana 30.

Ta uku, wadda na fi amincewa da ita, ita ce ɗan gajeren rubutun umarni a Linux (tsarin sarrafa kwamfuta ne kamar Windows), inda umarnin tar zai dunƙule fayilolin wuri guda, umarnin date +%F kuma ya liƙa wa sunan kwanan wata, kamar ajiya-2024-03-09.tar.gz. Da yake shekara ce a gaba, sannan wata, sannan rana, kwafin na jeruwa da kansu, kuma na yau ba ya danne na jiya. Sai a danƙa wa cron, manhajar da ke tayar da aiki da kanta a lokacin da aka sa mata, lokaci: layin da ya fara da 0 13 * * * zai tayar da aikin da ƙarfe ɗaya na rana. A kula, alamar % a cikin crontab, wato fayil ɗin jadawalin cron, sai an sa mata \ a gaba, in ba haka ba umarnin ya yanke a nan. Idan kuma aka ɗauke wuta kwamfuta na kashe a wannan lokaci, cron ba ya ramawa. Anacron, makamancin cron, shi ne ke ramawa da zarar an kunna ta.

Duk wannan tsari banza ne idan abin da ake zuba kwafin a ciki jabu ne. Akwai filas da ake sayarwa da araha a shagunan kayan kwamfuta, an rubuta terabait ɗaya a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa ƙarami ne ƙwarai. Zai karɓi fayil ba tare da wata alamar kuskure ba, sunaye su fito daidai da kwanakinsu, sai ranar buƙata a buɗe a tarar da shirme. Kada kwali mai sheƙi ko rantsuwar mai shago su gamsar da kai. A karɓi rasit, a gwada shi da f3 a Linux ko H2testw a Windows, waɗanda ke cika shi da bayanai sannan su sake karantawa, idan ya gaza a mayar tun ranar.