Takunkumi Na Uku Ne Ya Ba Ni Barci: Sharhina Kan AirFit P10

Wata takwas ke nan ina kwana da na'urar CPAP, wadda ke hura iska don kada numfashi ya tsaya cikin barci, kuma da a makon farko aka tambaye ni, da na ce a ɗauke ta a mayar wa mai ita. Ba na'urar ce ta gallabe ni ba, abin da ake ɗaurawa a fuska ne, wanda wasu ke ce wa mas, ni kuwa nake ce masa takunkumi.

Uwargida ce ta fara ganewa. Ta daɗe da sabawa da minsharina, amma wani dare ta tashe ni a firgice ta ce, "Malam, wallahi numfashinka tsayawa yake yi, sai na ƙirga har ashirin kafin ka ja shi da ƙarfi." Ga hawan jini da ya ƙi jin magani, ga ciwon kai da safe, ga gyangyaɗi a wurin aiki tun kafin azahar. Da aka yi mini gwajin barci a wani asibiti a Abuja, sai aka samu numfashina yana ɗaukewa ko yana raguwa sau 41 a kowace awa. Likita ya bayyana mini cewa daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Naman maƙogwaro ne ke saki idan barci ya yi nauyi, sai ya toshe hanyar iska. Aikin na'urar shi ne ta riƙa hura iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya ƙirƙiro wannan dabara, ya wallafa ta a 1981.

Takunkumin da ya zo tare da na'urata irin mai rufe hanci da baki ne gaba ɗaya. Babu wanda ya auna fuskata, babu wanda ya dubi gemuna. Mai sayarwa ya ce matsakaici yana yi wa kowa. To ni mai gemu ne, ga saje ga gashin baki, kuma robar silikon ba ta kama gashi yadda take kama fata. Da zarar ƙarfin iska ya hau cikin dare sai ta fara tsiyaya ta haɓa, tana wata ƙara kamar an sassauta bakin balan-balan. In na juya gefen dama, yadda na saba kwanciya, filo ya ture takunkumin, iska ta dawo tana hura mini ido. Da safe idona ja, a bushe.

A nan na yi kuskuren da nake roƙon duk wani sabon shiga kada ya yi: na riƙa ƙara ɗaure maɗaurin. Kullum ina ja, ina ganin in ya matse sosai ba inda iska za ta bi. Kwana tara karan hancina ya yi ja, ya fara saɓulewa, har sai da na daina sa tabarau na kwana biyu. Sai da na koma asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki robar ta nuna mini. Bakinta ninki biyu ne, an yi shi ne don iskar na'urar ta kumbura shi ya lafe a fata da kansa. In ka danne shi da ƙarfi ya lanƙwashe, sai ka buɗe wa iska wata sabuwar ƙofa. Ta ce, "Baba, yatsa ya riƙa shiga ƙarƙashin maɗaurin ba tare da wahala ba. Kuma kada ka gyara shi a zaune. Ka kwanta yadda kake barci, ka kunna na'urar, sannan ka daidaita." Gaskiya ta faɗa, fuskar mutum a kwance daban take da fuskarsa a gaban madubi.

Na biyu mai rufe hanci kaɗai ne. Ya fi, amma gashin baki ya hana ƙasansa zama, kuma yana hawa daidai inda ciwon yake. Mako biyu na ajiye shi.

Sai wani abokin aikina da ya riga ni shiga wannan hali ya ce in gwada AirFit P10 na kamfanin ResMed. Shi ba ya rufe komai. 'Yan robobi biyu ne masu laushi da ke zama a bakin ƙofofin hanci, sai siririn maɗauri mai rabuwa biyu a bayan kai, sai gajeren tiyo mara nauyi. Ba ruwansa da gemu, ba ruwansa da karan hanci. Abin da ya fi burge ni shi ne kwalin da na saya ya zo da girma uku, ƙarami da matsakaici da babba, don haka ba sai ka yi canke ba. Na fara da ƙarami, ina zaton cusa shi ake yi cikin hanci, sai bakin hancina ya yi tsami. Ashe zama yake yi a bakin ƙofa, ba shiga ciki ba. Da na koma babba, ciwon ya tafi cikin kwana huɗu. In kana tsakanin girma biyu, shawarata ka fara da wanda ya fi girma.

Ba shi da ƙara ko kaɗan. Iskar da kake fitarwa tana bi ta wata 'yar raga a gaba, ta watse a hankali, ba ta feso wa wanda ke gefenka. Wannan ragar kada a toshe ta da bargo ko da wani abu, domin ta nan gurɓatacciyar iska ke fita. Ina iya karatu da tabarau kafin barci, ina iya yin addu'o'in kwanciya bakina a sake, da asuba kuma hannu ɗaya ya isa in zare shi in tafi masallaci. Ba shi da maganaɗisu ma. Na ambaci wannan ne saboda wasu takunkuman suna da shi a maƙalarsu, kuma wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya dole ya tambayi likitansa kafin ya kusance su.

Amma irin wannan takunkumi ba na kowa ba ne. In bakinka na buɗewa cikin barci, iskar da ta shiga ta hanci za ta fice ta baki, ka farka maƙogwaro kamar an zuba toka. Hakan ya same ni a watan farko, sai na haɗa da maɗaurin haɓa har bakin ya saba. Mai yawan toshewar hanci kuwa, ko wanda mura ta kama, zai sha wuya. Shi ya sa ban jefar da na farkon ba, na aske ƙasan leɓe kaɗan na ajiye shi don ranakun mura. Haka wanda aka sa wa iska mai ƙarfi sosai zai iya jin tana dukan cikin hancinsa kai tsaye. Ƙarfin iskar waɗannan na'urori daga lamba 4 yake farawa zuwa 20, tawa tana yawo tsakanin 8 da 12, kuma a haka ban ji takura ba. Akwai tsarin da ke farawa da iska kaɗan ya riƙa hawa har barci ya ɗauke ka, shi ya taimake ni a kwanakin farko. Ƙarfin da likita ya rubuta dai ban taɓa shi ba.

Hunturu ya koya mini wani darasin. A watan Janairu hancina ya bushe har ya tsage, na kai hannu zan shafa basilin, sai na tuna an gargaɗe ni: mai irin wannan yana lalata silikon, yana sa shi santsi, kuma ba a so a riƙa shaƙarsa. Ƙara danshin tankin ruwan na'urar na yi, na sayi man hanci mai ruwa-ruwa a kemis. Sai dai ɗumama ruwan yana cin wuta, ranar da aka ɗauke wuta muka koma kan batirin sola dole in rage shi in ana so ya kai asuba. Lokacin zafi kuma gumi ne abokin faɗa, a nan ƙanƙantarsa ta yi rana, don babu wata roba da ta lulluɓe fuska.

Alwalar da nake yi kafin kwanciya ta zama rabin gyaran, domin maiƙon fuska ne ke sa roba zamewa, sai dai in bari fatar ta bushe kuma ban shafa mai ba. Da safe in wanke robobin da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙamshi, in shanya a inuwa. Maɗaurin, kamar kowane abu mai talewa, yana saki da daɗewa, wanki yana ɗan dawo da shi, amma a wata na shida na sauya sabo. Kayan canjin ba su da arha kuma ba ko'ina ake samunsu ba, don haka in wani zai taho daga waje nakan ba da saƙon robobi biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Yanzu ina yin awa shida zuwa bakwai da shi a kowane dare, lambar ɗaukewar numfashi da ta kai 41 tana nuna 2 ko 3 a na'urar da safe. A zuwana na ƙarshe likita ya rage mini ƙwaya ɗaya cikin magungunan hawan jini, ya ce in dawo bayan wata uku, in taho da katin da na'urar ke adana bayanan barci a ciki, da takunkumin, ya duba.