Gargaɗi ga masu bincike kan jini: a yi hattara da antibodin CD235a na jabu

Ina jan hankalin malamai, ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje masu nazarin zazzaɓin cizon sauro ko cutar sikila, game da wasu dillalai da ke tallata antibodi (sinadarin da ke manne wa wani furotin na musamman domin a gano shi a gwaji) a zaurukan WhatsApp a kan farashi mai arha ƙwarai, suna cewa ragowar kayan wani aikin bincike ne da aka kammala a Turai. Abin da suka fi tallatawa shi ne antibodin gano furotin Gilaikoforin A, wato CD235a.

Sun san inda kasuwa take. Wannan furotin yana jikin fatar jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam, kusan guda miliyan 1 a kowace ƙwaya, shi ne ke ɗauke da rukunin jini na M da N, kuma yana cikin ƙofofin da ƙwayar Plasmodium falciparum mai haddasa zazzaɓin cizon sauro ke kamawa da furotinta EBA-175 domin ta kutsa cikin ƙwayar jini. Saboda haka duk mai son tantance jajayen ƙwayoyin jini daga sauran ƙwayoyi yana neman antibodin gano shi, ga tsadar dala, ga kuɗin bincike ba ya isa.

Damfarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 2017 mujallar Nature ta ba da rahoton yadda ake buga lakabin manyan kamfanoni a ƙasar Sin ana manna shi a kan kwalaben jabu. Wani lokaci ana tsarma na gaskiya da ruwan gishiri a raba kwalba ɗaya gida-gida, wani lokaci kuma a sauya ranar ƙarewar wa'adi, ko a zuba antibodi mai arha na wani furotin dabam. Ido ba ya bambance su, domin ɗan ruwa ne a gindin kwalba.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar ɓarna a ganina. Antibodin da aka tsarma yana ba da haske mai rauni a na'urar da ke auna yawan furotin ta ƙarfin haske, sai ɗalibi ya rubuta cewa furotin ya ragu a jinin marasa lafiyarsa, alhali kuwa kwalbar ce ta yaudare shi. Jinin da iyaye suka yarda aka ɗiba daga 'ya'yansu masu sikila ya tafi a banza, kuma sakamakon ƙarya ya shiga kundin digiri, wasu su zo su ɗora aikinsu a kansa.

Kafin a biya ko sisi, a duba shafin kamfanin da aka rubuta a kwalbar a ga ko dillalin yana cikin wakilansa, sannan a aika wa kamfanin lambar rukunin kayan da hoton lakabin ya tabbatar da su. A nemi takardar shaidar gwaji da sunan kulon ɗin, wato takamaiman nau'in antibodin, kamar HIR2 ko JC159. Dillalin da ya kasa faɗin wanne yake sayarwa bai san hajarsa ba. Antibodin da aka haɗa da sinadarin haske ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius, nesa da haske, don haka kayan da suka iso a aljihun jaka babu ƙanƙara abin ƙi ne ko da na gaskiya ne. Haka nan kada a tura kuɗi asusun wani mutum, ba tare da rasit mai sunan kamfani ba.

Idan kayan sun iso, a fara gwada su da jinin mutum mai lafiya kafin a taɓa samfurin marasa lafiya: jajayen ƙwayoyi su nuna haske sosai, farare kuma kada su nuna. Wanda ya riga ya saya kuma yake da shakku, ya dakatar da aikin, ya adana kwalbar da rasit da saƙonnin dillalin, ya sanar da mai duba aikinsa da kamfanin da aka yi amfani da sunansa.