Sababbin taya biyu ko 'yan Beljiyam huɗu?

Ɗan'uwa, ka ce za ka ɗauki iyali daga Birnin Kebbi zuwa Abuja ta Jega, Koko, Yawuri da Kwantagora, kuma kuɗin hannunka ba su wuce na sababbin taya biyu ko 'yan Beljiyam huɗu ba, wato tayoyin da aka yi amfani da su a ƙasar waje aka shigo da su. Ni dai sababbi biyun zan ce ka saya.

'Yar Beljiyam ido take ruɗa. An wanke ta, an shafe ta tana sheƙi, zanenta da sauran zurfi. Amma roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Durƙusa ka duba gefenta inda aka rubuta DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1517, an ƙera ta a mako na 15 na 2017 ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara 4 take ba taya daga ranar ƙira. Kuma ba ka san ramin da ta taɓa faɗawa ba, ko facin da ke cikinta. Wasu ma don sanyin Turai aka yi su, za ka ga hoton tsauni da ƙanƙara a jikinsu. Robarsu laushi gare ta, ba ta jure kwaltarmu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Irin wannan ce ta fashe mini tsakanin Maiyama da Koko, da tsakar rana, yara uku a baya. Har yau ina jin ƙarar. Allah ya kiyaye ban taka birki ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ɗaga ƙafa daga totur har mota ta lafa. Da muka duba, wayoyin cikinta duk sun yi tsatsa.

Araha kawai 'yar Beljiyam ta fi sabuwa. Sabuwar ma ka karanta lambarta, don tana iya shekara biyu a jibge a shago. Ka nemi wadda aka sa wa A ko B a wajen jure zafi.

Biyun da ka saya, a baya za a ɗaura su. Na san direbobinmu da yawa gaba suke sawa, amma kamfanonin taya baya suke cewa, domin in bayan mota ya zame, da wuya sitiyari ya iya dawo da ita. Masu dama-dama cikin tsofaffin su koma gaba. In kuwa duka huɗun sun suɗe, zane bai kai milimita 1.6 ba, don Allah ka ɗage tafiyar ko ku shiga motar haya.

Ranar tafiya, a auna iska da sassafe kafin taya ta ɗau zafi. Kada ka bar mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙafa. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba. A auna har da safaya, ka tabbata jak da sifana suna cikin but. Kada ka wuce gudun kilomita 80 a wannan hanya, ka tsaya a Yawuri ka zagaya motar ka taɓa tayoyin. Ka ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ce ta hukumar.

Allah ya kai ku lafiya, a gaida iyali.