Sharhi kan ƙyallen ɓad da kamar bindiga a farautar talotalon daji

Talotalon daji na Amurka yana bambance launuka, kuma da yake idanunsa a gefen kai suke, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya jiki ba. Ana harbinsa ne daga kusa, yawanci bai wuce yadi 40 ba, bayan maharbi ya zauna ya jingina da bishiya yana kwaikwayon kukan macen har namijin ya matso. A irin wannan tazara, ƙyallin ƙarfe idan hantsi ya dake shi ya isa ya kori tsuntsun. Wannan ne ya sa, kafin a buɗe farautar watan Afrilu a jihar Missouri inda nake zaune, na sayi ƙyallen naɗi mai launin daji domin in rufe bindigata, Remington 870, wadda bututunta baƙi ne mai sheƙi, ƙotarta kuma ta katako ce mai santsi.

Ƙyallen yana zuwa ne a dunƙule, faɗinsa inci 2, kuma babu gam a jikinsa. Da kansa yake manne wa kansa, kamar bandejin da ake ɗaure targaɗe da shi a asibiti. Wannan shi ne babban abin da ya sa na fifita shi a kan fenti da kuma tsoma bindiga a ruwan zane da wasu shaguna ke yi, domin waɗancan hanyoyin ba a komawa baya cikin sauƙi, ni kuwa ina son bindigar ta koma yadda take idan lokacin ya wuce. Na zaɓi launi mai duhu, irin na ɓawon itace da busasshen ganye, kusa da zanen Bottomland wanda kamfanin Mossy Oak ya fara fitarwa a 1986, saboda a farkon lokacin farautar daji bai gama yin kore ba.

Naɗin yana buƙatar natsuwa. Da farko an cire harsashi, an tabbatar bindigar babu komai a ciki, sannan a goge mai daga ƙarfen. Daga bakin bututu na fara ina gangarowa, kowane zagaye yana hawa kan rabin na baya, ina ɗan ja domin ya kama. Akwai wuraren da bai kamata ƙyalle ya taɓa ba: ramin da kwanson harsashi ke fita, kunama da makullinta, ɗan ƙwallon saiti da ke kan bututu, da kuma hanyar da mariƙin gaba ke bi idan an ja shi baya domin sauya harsashi. A bindiga irin wannan, tsakanin mariƙin da bututu babu sarari sosai, don haka na bar wannan sashen a buɗe, na gwada jan mariƙin sau da yawa har na gamsu babu abin da ke riƙe shi.

A daji ya yi aikin da na saye shi dominsa. Sheƙin ya mutu gaba ɗaya, ƙarfen ya daina sanyaya hannu da asuba, kuma idan bututu ya gogi reshe ba ya yin ƙara. Riƙon ma ya fi kama hannu, ko da safar hannu. A ganina, kashe ƙyallin nan ya fi zanen da ke jikin ƙyallen muhimmanci nesa ba kusa ba, domin talotalo ya taɓa tsayawa kusa da ni yana leƙe-leƙe, bindiga tana kan gwiwata, bai tsorata ba muddin ban motsa ba.

Aibinsa ɗaya ne mai girma, wato yana shan ruwa. Raɓar safiya da yayyafi suna shiga cikinsa su zauna a kan ƙarfe, kuma idan aka ajiye bindigar a haka tsatsa za ta fito a ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Dole ne bayan kowace fita mai laima a warware shi, a shanya, a shafa wa ƙarfen mai, sannan a sake naɗawa, aikin da ke gajiyar da mutumin da ya tashi tun kafin asuba. Ban da haka, gefunansa sun fara sakin zare a inda hannu ke yawan riƙewa, ƙura da ƙananan ƙayoyi kuma suna maƙale masa, ko da yake wanki da ruwa da sabulu yana dawo da mannewarsa.

Wanda ke da bindiga ɗaya da yake amfani da ita a farauta iri-iri, wannan ƙyallen ya dace da shi, kuma ni zan sake saye. Wanda kuwa ya ware bindiga don talotalo kaɗai, ko yake farauta a inda ruwan sama ya yawaita, gara ya biya a yi mata rufi na dindindin marar sheƙi.