Abincin rana da ake kai wa ma'aikata daga Ƙofar Soro

A wajajen Ƙofar Soro a Katsina akwai wani ƙaramin gidan abinci da ke kai wa ma'aikata abincin rana har ofis, a cikin kula, kuma na auna shi ne da abu guda: yadda kan mutum yake kasancewa bayan sallar Azahar.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Sannan tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana jiki yakan yi sanyi bisa tsarin agogonsa, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan aka ɗora masa malmalar tuwon shinkafa biyu da lemon kwalba, a zafin Katsina na watan Afrilu da ke haura digiri 40, to, a nan ne ma'aikaci zai karanta takarda ya sake karantawa bai fahimci komai ba, ya sa hannu don kawai ya rabu da ita, ko ya ce wa mai jira, "Alhaji, a dawo gobe."

A nan gidan ya yi fice. Dambunsu yana da zogale sosai, wake da shinkafarsu kuwa waken ne ya rinjayi shinkafar, saboda haka abincin yana narkewa a hankali, mutum ba ya jin nauyin nan da ke rufe ido. Kwanon ma matsakaici ne. Wasu abokan aiki suna ƙorafin cewa bai cika ciki ba, ni kuwa a ganina wannan ne amfaninsa ga wanda lissafi ko zaman shawara ke jiransa. Tun da na koma cinsa na rage neman goro da Nescafé da yamma, abin da ya gyara mini barci, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki.

Inda suka gaza shi ne zoɓo, wanda sukarinsa ya yi yawa ƙwarai, gara mutum ya sha ruwa. Yaron da ke kawowa a babur kuma yakan makara ranar Juma'a, har yunwa ta fara sa mutum gajen haƙuri da masu zuwa ofis. Farashin bai fi na sauran gidajen abinci na unguwar ba, kuma suna karɓar kuɗi ta turawa a asusu.