African Storybook: Littattafan Hoto Kyauta, Amma Sai An Tsefe Hausarsu

African Storybook rumbun littattafan hoto ne na yara da cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke kula da shi. Yana intanet, akwai kuma manhajar waya da ake sauke labari a karanta ko babu data. Kyauta ne, lasisinsa ya yarda a buga, a raba, har a fassara, muddin an bar sunan marubuci da mai zane. Hausa na cikin harsunan da ke ciki.

An kasa littattafan mataki biyar. Na 1 kalma ce ko gajeruwar jimla a shafi, na 5 kuwa dogon labari ne da babba zai karanta wa yaro. Ga ɗan shekara 3 zuwa 5, na 1 da na 2 sun wadatar.

Inda ya ciri tuta shi ne zane. Fuskoki baƙaƙe ne, ga kasuwa, ga awaki, ga uwa da goyo, abin da yaro ya saba gani. Sai dai hoto ba ya koyarwa shi kaɗai. Kafin a karanta rubutun, a ɗora yatsa a tambaya: "Ina akuya? Me ya sa yarinyar nan ta ɓata rai? Me kake jin zai faru in mun juya?" A jira amsa, ko da shirme ce, sannan a ƙara masa kalma ɗaya: ya ce "akuya", a ce "eh, jar akuya". Minti goma a rana ya isa, kuma in ya nace sai an maimaita littafin jiya, a maimaita, a nan kalmomin ke zama. Yaron da ke zuwa makarantar allo ya saba bin rubutu daga dama, don haka a riƙa jan yatsa a ƙarƙashin layi daga hagu har ya gane boko da hanyarsa.

Rauninsa fassara ce. Tunda ƙofa a buɗe take ga masu sa kai, Hausar ba ɗaya ba ce: wata ta zauna daram, wata kana jin Turanci a ƙarƙashinta. A duba haruffa masu lanƙwasa. In an rubuta "baki" inda ake nufin "baƙi", mai koyo zai haddace kuskure. Babba ya karanta tukuna kafin a kashe kuɗin bugu.

Kuma bugawar ta fi, domin waya na ɗauke hankalin yaro zuwa latse-latse. A sauke nau'in PDF na bugawa, a buga gaba da baya a takardar A4. Kowace takarda na ɗaukar shafi huɗu, wato littafi mai shafi 16 takarda huɗu ne. A gaya wa mai shagon kwamfuta ya juya ta gajeren gefe, in ba haka ba bayan zai fito a kife. A ninke biyu, a ɗinke tsakiya da zare da allura, a sa bangon kwali. Firinta mai hoda ta fi mai tawadar ruwa, wadda yawu kaɗan ke dame ta. Labarin da ke koyar da launi kuwa, kada a kuskura a buga shi baƙi da fari.