Saye, Haya ko Aro Daga Laburare: Wanne Ya Fi Wa Mazaunin Turai da Amurka?

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san ba kowane ɗaki ke da turmi ba. Tsani ɗaya kan ishi layi guda, kuma ranar suna babbar tukunya daga maƙwabta take fitowa. Sai mutum ya koma Landan ko Kalifoniya, ya tarar ko sunan maƙwabcinsa bai sani ba. Ranar da zai kafa labule sai ya nufi shago ya sayi injin huda bango, ya huda wuri huɗu, ya tura shi ƙarƙashin gado. Bayan shekara uku batirin ya mutu, injin ya tafi bola.

Saboda irin wannan asarar nake son 'yan'uwa mazauna waje su san cewa laburaren gwamnati da yawa a can ba littafi kaɗai suke ba da aro ba. A birnin Berkeley na Kalifoniya, tun 1979 laburaren gari ke da sashen aron kayan aiki. Da kaya kusan 500 ya fara, yanzu sun kai dubbai: zarto, tsani, injin huda bango, kayan gyaran famfo, kayan aikin lambu. Oakland da ke maƙwabtaka ta buɗe nata a 2000. Sacramento kuwa a 2015 ta faɗaɗa abin har ya haɗa da keken ɗinki da kayan kiɗa. A Ann Arbor ta jihar Michigan har madubin hangen taurari ake ɗauka a kai gida.

Wannan shi ne zaɓi mafi sauƙi ga aljihu, domin kyauta ne. Katin laburare kawai ake bukata, sai shaidar cewa kana zaune a garin, kuma a Berkeley sai ka cika shekara 18. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Kwanaki ƙalilan ake ba ka, galibi bai wuce mako ba, kuma kayan da kowa ke so sai ka shiga layi. Idan famfon kicin ya fashe da tsakar dare, laburare ba zai fitar da kai ba. Idan kuma ka ɓatar ko ka lalata da ganganci, kai za ka biya. Ka tambayi batun tarar makara tun ranar farko, domin wasu laburaren da suka yafe tara a kan littattafai suna karɓarta a kan kayan aiki.

A Landan tsarin ya sha bamban. Wata ƙungiya mai suna Library of Things, wadda ta fara gwaji a West Norwood a 2014, ita ke ajiye akwatuna masu makulli a cikin laburare da cibiyoyin unguwa. Za ka kama kayan ta intanet, ka biya kuɗin kwana, ka je ka buɗe akwatin ka ɗauka. Gaskiyar magana wannan haya ce mai rahusa, ko da yake sunanta aro. Amfaninta shi ne ka san ranar da kayan zai zo hannunka, kuma ana duba lafiyarsa a kai a kai. Injin wankin kafet na cikin abin da aka fi ɗauka, kuma dalilin a fili yake: yana da tsada, yana cin wuri, sau ɗaya ko biyu ake bukatarsa a shekara, musamman ga ɗan haya da ke son mai gida ya mayar masa da kuɗin ajiyarsa cif. Sai dai ka yi lissafi. Aikin da zai ja mako biyu, kamar fentin gida gaba ɗaya, kuɗin kwana-kwana na iya kusantar farashin kayan a kasuwar na-hannu.

Akwai kuma masu tsarin zama mamba, irin na Toronto a Kanada da ya buɗe a 2013 da na Edinburgh da ya biyo baya a 2015. Ƙungiyoyin sa-kai ke tafiyar da su, ana biyan kuɗin shekara. Wanda ya sayi tsohon gida yana gyarawa a hankali shi zai ci moriyarsu; mai bukata sau ɗaya kada ya wahalar da kansa. A Helsinki ta Finland, laburaren Oodi da aka buɗe a Disambar 2018 ya ajiye kekunan ɗinki da ake zuwa a yi aiki da su a wurin. Ga 'yar'uwar da ke son rage tsawon atamfa ko gyara kayan Sallar yara, irin wannan ya wadatar.

To yaushe saye ya fi? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma a kan abin da ake taɓawa kullum haka ne. Macen da ɗinki ne sana'arta dole ta mallaki kekenta. Injin markaɗe da ke aiki kowace safiya, sukundireba, guduma, filaya: waɗannan a saya, a kuma sayi masu ƙarko, tunda araha ba ta ado. Ma'aunina shi ne, abin da ba zan ɗauko sau huɗu a shekara ba, ban ga dalilin ba shi wuri a gidan da kowane lungu kuɗi ne ba. Laburare ma hanya ce ta gwaji kafin saye. Mako ɗaya da keken aro zai nuna miki ko sha'awar ɗinkin mai ɗorewa ce.

Masu cewa "bari in saya, in zan koma gida in tafi da shi" su lura da wutar lantarki. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar da Ghana tsakanin 220 da 230. Injin da ka saya a Amurka galibi sai da tiransifoma zai yi aiki a Kano ko Damagaram, in ba haka ba yana iya ƙonewa a jonawar farko. Na Ingila ba shi da wannan matsalar.

Kayan girki su ne nake ja da baya a kansu. Wasu laburaren na ba da aron gwangwanin gasa kek da injin niƙa da makamantansu. Gwangwani mai santsi a wanke shi da kyau, shi ke nan. Amma injin niƙa nama ko abin gashi mai lunguna, ba ka san me aka sarrafa da shi jiya ba, kuma Musulmi ba zai so zuciyarsa ta riƙa raya masa wani abu a kan abincinsa ba. Waɗannan ni saya nake yi. Injin wankin kafet ma na kan wanke tankinsa da burushinsa kafin ya hau inda ake shimfiɗa sallaya, saboda gidaje da yawa a can suna da karnuka.

Batun shara kuwa ba na Turawa kaɗai ba ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kashi 22 cikin ɗari ne da 'yan kai. Wani ɓangare na sauran kan shiga kwantena da sunan kayan na-hannu ya sauka a Legas ko tashar Tema ta Ghana. Wanda ya ƙi tashi ya ƙare a hannun 'yan jari-bola, samari na ƙona waya don cire tagulla suna shaƙar hayaƙin. Injin huda bango guda da gida hamsin ke karɓa-karɓa ya rage yawan waɗanda za su bi wannan hanyar.

Idan garinku ba a ambace shi a nan ba, ka je teburin ma'aikatan laburaren unguwarku ka tambaya ko suna ba da aron kaya, domin sau da yawa ba a jera su a fili, suna can a ɗakin ajiya. Ka tafi da takardar da ke ɗauke da adireshinka, kamar ta kuɗin wuta ko yarjejeniyar haya. Kafin ka fita da injin, ka sa a kunna shi a gabanka, ku ƙirga 'yan ƙananan kayan da ke cikin akwatin tare.